Daga Lugu zuwa Dumega: wa ke tambayar mai bindiga?

Kundin tsarin mulkin Nijar na 25 ga Nuwamba 2010 ya faɗa a aya ta 12 cewa kowa na da haƙƙin rai da lafiya da kariyar jikinsa da mutuncinsa. Aya ta 14 ta hana azabtarwa da bauta da duk wani horo na wulaƙanci. Mu malaman lakwal mun sha rubuta waɗannan kalmomi a allo a darasin tarbiyyar ɗan ƙasa, yara su kwafa, su haddace, su maido mana da su ranar jarrabawa. Abin da littafin darasi bai faɗa ba shi ne yadda maganar ta iso ƙasar nan da abin da ta tarar. Mu mutanen Arewa ba sai mun je nesa neman misali ba. Garuruwa biyu sun ishe mu: Lugu, da ke nan cikin ƙaramar hukumarmu ta Ɗan Kassari, da Dumega, can kudu da Dogon Dutsi a gundumar Tibiri. Tsakanin ranar da aka ƙone na farko da ranar da aka kashe mutumin da ke kwance a na biyu, shekara 100 ne, saura mako ɗaya.

Kafin zuwan Turawa, Lugu garin Sarauniya ne, kuma wurin shari'a ne. Can dutsen Tunguma yake, wanda masu bin al'adar gargajiya ke kai wa ƙarar sata ko rigimar gona. Ni ba mai zuwa wurin dutse ba ne, ba na kuma tura kowa. Amma mai koyar da tarihi zai lura da abu ɗaya: wanda aka yi wa sata ba shi ke yanke hukunci ba. Sai ya yi tafiya, ya kai kuka, ya jira amsa daga abin da ba ɗan'uwansa ba ne, ba kuma ɗan'uwan wanda yake zargi ba. A ƙasar Sakkwato kuwa alƙalai na aiki da fiƙihun Malikiyya, inda ba a kashe mai kisa sai da shaidu adilai ko iƙirari ko rantsuwar ƙasama, inda dangin mamaci ke da ikon yafewa ko karɓar diyya, inda kuma shubuha ke kawar da haddi. Hanyoyin nan biyu sun yi nisa da juna, kuma kowace an sha take ta: sarakuna sun kashe, an kama bayi, an ci garuruwa da yaƙi. Duk da haka sun haɗu a kan cewa wanda ransa ya ɓaci bai kamata ya zama alƙalin maganarsa ba.

A farkon Janairu 1899 wani ayarin sojan Faransa ya bar bakin kogin Isa ya nufo gabas, da umarnin ya kai tafkin Cadi. Kyaftin Paul Voulet ke ja, Kyaftin Julien Chanoine ke bi masa. Uban Chanoine janar ne, ya ma riƙe ministan yaƙi a Faransa a 1898. Turawan ayarin tara ne kacal. Sauran, sama da mutum 1,500, 'yan Afirka ne: sojoji, 'yan dako da aka kamo da ƙarfi, da mata. Guzurin da aka ba su bai kai ko'ina ba, don haka abincin taron nan daga rumbunan mutane zai fito, ruwansa daga rijiyoyinsu. Garin da ya yi gardama sai wuta. Tun a Sansanin Hausa, cikin watan Janairun, suka kashe mutum sama da 100, har da mata da yara. A watan Afrilu suka shigo Arewa ta Matankari.

Ranar 16 ga Afrilu 1899 suka auka wa Lugu. Mutanen Sarauniya Mangu suka tare su da kwari da baka, suka ja cikin kurmin da suka fi kowa sani, aka yi ta fafatawa. Rahoton Turawan ya ƙirga abin da ya dame su: sojansu 4 sun mutu, 6 sun ji rauni, harsashi kimanin 7,000 ya tafi. Sunayen matattun Lugu ba su cikin kowane rahoto. Aka ƙone garin, ayari ya wuce, Sarauniya ba ta shiga hannu ba. Littafin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin da Med Hondo ya yi da shi a 1986 sun sa duniya ta san sunanta, kuma yaranmu na alfahari da ita, sun kuwa yi gaskiya. Sai dai idan muka tsaya a jaruntaka kaɗai, muna tsallake tambayar da ta fi nauyi: bayan an kashe mutanen nan, wa ya tambayi wanda ya kashe su? A farkon Mayu ayarin ya shiga Birnin Ƙonni, ya yi ɓarnar da ta ninka ta Lugu sau da yawa. Ɗaruruwa suka mutu, wasu masu bincike sun ce dubbai.

A yi wa tarihi adalci, an ɗan motsa a Faransa. Wani hafsa mai suna Péteau, da Voulet ya kora daga ayarin, ya rubuta wa budurwarsa abin da ya gani, wasiƙar ta bi hannu har ta kai ga gwamnati. Cikin Afrilu aka umurci Laftanar Kanar Klobb ya bi sawunsu, ya bincika, in gaskiya ne ya karɓe ragamar ayarin. Lokacin da umarnin ya fita tokar Lugu ba ta gama hucewa ba, Ƙonni kuma na nan tsaye ba ta san abin da ke tafe ba. Klobb bai sha wahalar neman hanya ba, ƙonannun garuruwa da gawawwaki suka yi masa jagora. A Koran Kalgo ya tarar da 'yan mata ƙanana a rataye a itace. Ranar 14 ga Yuli, a Dankori kusa da Tasawa, ya cim ma Voulet, Voulet ya sa aka harbe shi. Kwana biyu bayan haka sojojin ayarin suka juya wa shugabanninsu, suka kashe Chanoine ranar 16, Voulet ranar 17. Kaburburansu na Maijirgi, kan hanyar Damagaram.

Nan fa jaridun Faransa suka ɗauka. Bature ya kashe Bature, kuma mai muƙami, ranar bikin ƙasarsu. Wani ɗan majalisa, Paul Vigné d'Octon, ya nemi majalisa ta kafa kwamitin bincike a kan duk abin da ayarin ya yi, aka kayar da buƙatarsa a Disamba 1900. Binciken ma'aikatar mulkin mallaka aka rufe shi a 1902, da bayanin wai zafin ranar Sudan ne ya taɓa hankalin hafsoshin biyu. Mahaukaci ba a yi masa shari'a, balle mahaukacin da ya mutu. Sauran hafsoshin suka ci gaba da tafiya, suka ci Damagaram a ƙarshen Yulin 1899, suka kai Kusuri inda aka kashe Rabe a Afrilu 1900, suka samu lambobin yabo. Ƙasar da aka ci ta wannan hanya ba a mayar da ita ba.

Abubuwa biyu na cikin shekarun nan sun cancanci a gaya wa ɗalibai. Na farko, a ranar 14 ga Yuni 1898 Faransa da Ingila sun sa hannu a yarjejeniyar da ta ja da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato ta bar wa Ingila. Lugu da Matankari da Ƙonni duk suna ciki, sai bayan gyaran iyaka na 1904 da 1906 Arewa ta dawo hannun Faransa. Wato a takardun Turai akwai dokar da Voulet ya karya da ya shigo nan, amma dokar layi ce a taswira, ba ta san da mutum ba. Na biyu, a watannin da ake wannan ɓarna ƙasashen duniya na zaune a birnin Hague na ƙasar Holan, kuma ranar 29 ga Yuli 1899 suka sa hannu a dokokin yaƙi da suka hana ganima da harbin garin da ba shi da kariya. Faransa na cikinsu. Dokokin sun shafi yaƙi ne tsakanin ƙasashen da suka sa hannu. Sarauniya ba a gayyace ta ba.

Da ƙura ta lafa, bindiga ta koma ofis. Tsarin da ake kira indijena, wanda dokar 21 ga Nuwamba 1904 ta tsara wa yammacin Afirka na Faransa, ya ba kumandan ikon ɗaure mutum har kwana 15 da cin tarar faran 100 ba tare da zuwa gaban alƙali ba. Laifuffukan kuwa su ne jinkirin biyan lanho, ƙin fita aikin tilas, barin gari ba izini, ko rashin ladabi ga kumandan, wanda shi kumandan ne ke auna shi. Shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne alƙali, gardinsa ne mai zartarwa. Gwamna janar na iya tsare mutum ko kore shi daga ƙasarsa har shekara 10, ana iya cin gari guda tara saboda laifin mutum ɗaya. Abin dariya mai ciwo shi ne dokar shari'ar 'yan ƙasa ta 1903 ta ce duk inda al'ada ta tanadi duka, a musanya shi da ɗauri. Wato a takarda an hana bulala tun 1903. Duk wanda ya zauna da tsofaffin da suka yi aikin hanya ko suka ɗauki kaya a ka zuwa Dosso da Yamai, ya ji labarin dorinar gardi, ya san inda takardar ta tsaya.

Wanda ya ɗaga kai kuwa, kwana 15 ba su ne rabonsa ba. A ƙarshen 1905 Alfa Saibu, makahon malami, ya tayar da Kobkitanda a nan jihar Dosso. Da aka murƙushe su ya tsallaka Satiru kusa da Sakkwato, inda Ingilishi suka shafe garin a Maris 1906, shi kuma aka kashe shi a Sakkwato. A 1917, bayan yaƙin Kawusan, sojan Faransa sun kashe mutane sama da 100 a Agadas da Ingal, cikinsu da malamai.

Indijena ta mutu ne a 1946. Dokokin Disamba 1945 da Fabrairu 1946 suka soke hukuncin kumandan, dokar 11 ga Afrilu mai ɗauke da sunan Houphouët-Boigny ta soke aikin tilas, ta 7 ga Mayu mai sunan Lamine Guèye ta mai da talakawan mallaka 'yan ƙasa. Ba tausayi ne ya sauko wa kumandan ba. 'Yan Afirka sun mutu a yaƙin duniya na biyu don Faransa, sun samu kujeru a majalisarta, suka tsaya a can suka ce sai an cire. A ganina wannan ce babbar nasarar da talakan ƙasar nan ya taɓa samu a kan hukunci, domin ta raba hannun da ke kamawa da bakin da ke yankewa.

A nan zan ɗan ratse, domin akwai wurin da wannan rabuwa ba ta kai ba har yau, kuma ni da ku muke aiki a ciki. A aji, malami shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne alƙali, shi ne gardi. Kumandan ma an wajabta masa ya rubuta kowane hukunci a littafi mai gindi, na sama da shi su duba. Malami mai bulala ba ya rubuta kome. Waɗanda suka yi lakwal a zamanina sun san sambol, ƙashi ko guntun itacen da ake rataya wa yaron da ya kuskura ya yi Hausa, ya yi ta farautar wanda zai miƙa wa kafin yamma, don wanda abin ya kwana a wuyansa shi ne na duka. A makarantar horon malamai an gaya mana duka a aji haramtacce ne, tun wata takardar umarni da ma'aikatar ilimi ta fitar a 1981, kuma Nijar ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1990, wadda ta ce horon makaranta ya dace da mutuncin yaro. Amma uba zai kawo ɗansa da kansa ya ce, “Mushe, in ya ƙi ji ka zane shi, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.” Wani ya ƙara da cewa inda bulalar malam ta taɓa wuta ba ta ci.

To ai malaman da muke jingina da su sun riga mu tunanin abin. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a 870, ya rubuta littafi a kan ladubban masu koyarwa, Alƙabisi ya zo bayansa ya faɗaɗa. Dukansu Malikawa ne irinmu. Sun yarda da bulala, amma dubi shingen da suka yi mata: uku, ba a wucewa sai da izinin uba, ko da izinin ma ba a wuce goma, ba a fuska ba, ba a ka ba, ba lokacin da malami ke cikin fushi ba, ba a hana yaro abincinsa, ba a sa wani yaro ya yi dukan, in an ji wa yaro ciwo malami zai amsa. Ni ina cikin waɗanda suka ga a ajiye bulalar gaba ɗaya, don ban taɓa ganin ta koya wa yaro raba lamba ba. Amma wanda ya ce addini ya ba shi, sai ya karɓi shingen tare da ita. Shugaban ajin da ake ba dorina ya zane 'yan'uwansa da suka yi surutu, wannan ba fiƙihu ba ne, gardin kumandan ne aka sa wa gajeren wando.

Mu koma ga gwamnati. Bayan 'yancin kai na 3 ga Agusta 1960, kundin hukunta laifuffuka na 15 ga Yuli 1961 ya riƙe hukuncin kisa, ta hanyar harbi, a kan kisan kai da aka shirya, da kashe iyaye, da sa guba, da cin amanar ƙasa. Ya sa iyaka: ba a yanke wa wanda bai kai shekara 18 ba, mace mai ciki kuma sai ta haihu. Wanda ya duba waɗanda aka fi sani an zartar wa hukuncin zai ga 'yan siyasa ne da sojoji. A Oktoba 1964, da 'yan Sawaba na Djibo Bakary suka shigo da makamai, aka harbe huɗu a bainar jama'a a Yamai, wasu da dama kuma suka mutu a hannun masu tsaronsu ba su ga alƙali ba. Bayan yunƙurin juyin mulki na 15 ga Maris 1976 a kan Seyni Kountché, kotun soja ta yanke wa su Kumandan Bayere Musa da Kyaftin Sidi Mohamed da Ahmed Mouddour, shugaban ƙungiyar ƙwadago, hukuncin kisa, aka harbe su cikin Afrilu.

Daga nan Nijar ba ta sake zartar da hukuncin kisa na kotu ba. Alƙalai na yankewa, amma ba a harbi, kuma sau da yawa shugaban ƙasa kan mayar da hukuncin ɗaurin rai da rai ranar wani bikin ƙasa. A 1986 ƙasar ta shiga yarjejeniyar duniya ta haƙƙoƙin ɗan ƙasa da na siyasa, ta kuma amince da yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam, wadda aya ta 4 a cikinta ta hana ɗauke rai ba bisa ƙa'ida ba. A Disamba 2010, lokacin riƙon ƙwarya na Salou Djibo, aka kai wa majalisar tuntuɓa ta ƙasa ƙudurin soke hukuncin kisa baki ɗaya, ta ƙi: 27 suka yarda, 40 suka ce a'a. Da yawa cikin masu ƙi sun kafa hujja da ƙisasi, kuma hujja ce da mutanenmu ke girmamawa. A 2014 kuma Nijar ta kaɗa ƙuri'ar goyon bayan dakatar da zartar da kisa a Majalisar Ɗinkin Duniya. Haka maganar ke tafiya, taku ɗaya gaba, taku ɗaya baya.

Abin da ke damuna da wannan muhawara shi ne ta cinye duk surutun, alhali hukuncin da ake gardama a kansa kusan shekara 50 ke nan ba a zartar da shi ba. Wanda kotu ta yanke wa kisa yana da lauya, yana da ɗaukaka ƙara, yana da afuwar shugaba. Waɗanda suka mutu a hannun hukuma tun 1976 ba ta wannan ƙofa suka bi ba. Ɗalibai uku da aka harbe a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990, waɗanda 'yan makaranta ke tunawa kowace shekara, ba wanda ya karanta musu tuhuma. Haka Abzinawan Cintabaraden a Mayun wannan shekara. Taron ƙasa na 1991 ya buɗe waɗannan maganganu a gaban kowa, har shugaba Ali Saibu ya zo ya amsa tambayoyi, abin da ba a taɓa gani ba a ƙasar nan. A Satumba 2020 hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ta ba da rahoton gano gawa aƙalla 71 a yankin Inates, ta ɗora alhakin a kan wasu jami'an tsaro, gwamnati ta musanta. Ko ba kome, a waɗannan lokuta biyu an samu wani ɗan ƙasa mai hurumi ya yi tambayar.

Sai maganar Dumega. Janar Ibrahim Bare Mainasara ɗan Arewa ne, asalin gidansu can. Da bindiga ya hau mulki ranar 27 ga Janairu 1996, ya kifar da Mahamane Ousmane. A zaɓen Yulin shekarar an rushe hukumar zaɓe ana tsakiyar ƙirga ƙuri'a, an tsare 'yan adawa. Ban faɗi wannan don in taɓa mamaci ba, na faɗa ne don kada wani ya ce ɗan Arewa na wanke ɗan'uwansa. A zamaninsa ne kuma, a Oktoba 1998, Nijar ta shiga yarjejeniyar duniya ta hana azabtarwa. Ranar Juma'a 9 ga Afrilu 1999, a filin jirgin soja na Yamai, dogarawan fadarsa suka buɗe masa wuta da babbar bindiga yana shirin hawa jirgi mai saukar ungulu, wasu da ke tare da shi ma suka mutu. Firaminista Ibrahim Hassane Mayaki ya fito a rediyo ya kira abin haɗari. Ina saurayi lokacin, kuma ban san mutum ɗaya a Arewa da ya yarda da wannan kalma ba. Kumandan Dauda Malam Wanke, shugaban dogarawan, ya zama shugaban ƙasa. Aka kai gawar Dumega aka binne.

Abin da ya biyo baya shi ya sa nake haɗa wannan da Lugu. Kundin tsarin mulki na 9 ga Agusta 1999, wanda jama'a suka kaɗa wa ƙuri'a, ya ce ran ɗan Adam abu ne mai alfarma, kowa na da haƙƙin rai. A cikinsa kuma, a aya ta 141, ya yi afuwa ga waɗanda suka yi juyin mulkin 27 ga Janairu 1996 da na 9 ga Afrilu 1999, majalisa ta tabbatar da doka a Janairu 2000. Littafi ɗaya, shafin farko ya ba da haƙƙi, shafin ƙarshe ya rufe bakin mai nemansa. An ce don zaman lafiya ne, don sojoji su miƙa mulki ba fargaba, kuma sun miƙa a Disamba 1999. Ban raina wannan hujja ba, wanda ya ga yaƙin basasa a maƙwabta ba zai raina ta ba. Amma ko a fiƙihun da muka gada, yafe jini haƙƙin magada ne, ba na wanda ya zubar ba, ba kuma na maƙwabta ba. Nan kuwa ba wanda ya tambayi matar mamacin da 'ya'yansa. Duk ƙarar da suka kai kotunan ƙasa sai ta ci karo da afuwar. Abin kuma ya zama al'ada: kundin 2010, mai ayoyi na 12 da 14 ɗin nan da muke rubutawa a allo, shi ma ya ƙare da afuwa ga masu juyin mulkin 18 ga Fabrairu 2010.

Ƙofar da ta buɗe musu a waje take. Tun 2005 kotun ƙungiyar CEDEAO da ke Abuja ta samu ikon sauraron ƙarar mutum ɗaya a kan ƙasarsa, ba sai ya gama da kotunan gida ba. Hadijatu Mani, wadda aka sayar tana da shekara 12 a kan sefa 240,000 a 1996, ta bi wannan hanya. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ta ce Nijar ta gaza kare ta daga bauta, ta sa a biya ta sefa miliyan 10. Iyalan Bare suka bi sawu. Ranar 23 ga Oktoba 2015 kotun ta yanke cewa an keta haƙƙin ransa, an kuma hana iyalinsa samun shari'a, ta umurci gwamnati ta biya su diyyar sefa miliyan 435. Shekara 16 ke nan bayan kisan, kuma karo na farko da wani alƙali ya rubuta cewa abin da ya faru a filin jirgin ba haɗari ba ne da za a share. Mutanen Lugu da Ƙonni ko wannan ba su samu ba.

Hukuncin Abuja bai soke afuwar ba, bai kuma gurfanar da kowa ba, domin ƙasa yake hukuntawa ba mutum ba. Kuɗin diyya daga baitulmali ake fitar da irinsu, wato daga harajin manomin Dumega da na Ɗan Kassari. Dauda Malam Wanke ya rasu a Satumba 2004 bai tsaya gaban alƙali a kan maganar ba. Kundin 2010 an dakatar da shi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kuma ranar 29 ga Janairu 2025 ficewar Nijar daga CEDEAO ta tabbata, tare da Mali da Burkina Faso. Kowa na da ra'ayinsa a kan wannan ficewa, akwai dalilan da suka sa jama'a da dama suka yi murna da ita, ba su ne maganata a yau ba. Abin da ya shafi darasinmu shi ne hanyar da Hadijatu da iyalan Bare suka bi zuwa Abuja ta tafi tare da kujerar ƙasar a ƙungiyar. A ƙarshen 2021 Nijar ta ajiye takardar da ke ba ɗan ƙasa damar kai ƙara kai tsaye kotun Afirka ta haƙƙin ɗan Adam da ke Arusha a Tanzaniya. Ita wannan kotu ba ta karɓar ƙara sai mai ita ya nuna ya gama bin kotunan gida, ko ya nuna an toshe masa su.